Yadda Za Ka Zaɓi Safayar Motarka: Siririya Ko Cikakkiyar Taya

Yawancin motocin da ake shigowa da su ta Kwatano, irin su Corolla, Camry da Civic, in ka ɗaga shimfiɗar but za ka tarar da wata siririyar taya kwance a ƙasa. Masu ƙera motar sun sa ta ne don rage nauyi da barin wurin kaya, kuma sun yi lissafinsu da ƙasashen da mai gyara yake kusa duk inda taya ta fashe. Hanyoyinmu na Kebbi ba haka suke ba, shi ya sa bai kamata ka bar abin yadda ka same shi ba tare da ka yi naka lissafin ba.

Fara da ciro siririyar ka karanta jikinta. Lambarta takan fara da harafin T, misali T125/70 D16, alamar cewa ta wucin gadi ce. Akan manna mata takarda mai ɗauke da lamba 80, wato kada gudunka ya wuce kilomita 80 a awa. Nisan da aka yarda ta yi shi ma gajere ne, wajen kilomita 80 zuwa 110 gwargwadon kamfani. Sannan iskar da take sha ta kai 60 a ma'aunin mai faci, alhali tayar yau da kullum a ƙaramar mota ba ta wuce 30 zuwa 35. Nan mutane da yawa ke cutuwa: mai faci ya ba ta iska daidai da sauran, ranar da aka ɗaura ta kuma ta lanƙwashe ƙarƙashin nauyin mota.

Mataki na biyu shi ne mafi nauyi. Zauna ka lissafa inda motarka ke zuwa. Idan zirga-zirgarka daga gida ce zuwa ofis, kasuwa da makarantar yara a cikin Birnin Kebbi, sai jefi-jefi ka leƙa Kalgo ko Jega, siririyar ta ishe ka, don ko'ina ka tsaya za ta kai ka wurin mai faci. Amma Birnin Kebbi zuwa Sakkwato ta Argungu wajen kilomita 150 ne. Yauri ta Jega da Koko ta fi haka nisa, balle Zuru. A irin wannan tafiya, ba kowace fashewa ce faci ke gyarawa ba. In rami ya yage gefen taya, ta tashi aiki, kuma ba lallai ka sami girmanta a garin da ke gabanka ba. Sai ka wayi gari kana jan mota cike da iyali a kan tayar da aka yi don gajeriyar tafiya, kan kwalta mai zafin bazara, ga magariba na gabatowa a hanyar da ba wanda ke son dare ya riske shi. Ga mai shiga ƙauye ko gonar shinkafa a fadama kuwa, siririya nutsewa take yi a yashi da taɓon damina. A ganina duk wanda ke barin gari ko da sau ɗaya a wata, cikakkiyar taya ce tasa.

Na uku, dubi irin motar. Mai jan ƙafa huɗu, kamar Hilux ko Prado, ba ta son ƙafa ɗaya ta bambanta da sauran a girma, domin hakan na wahalar da giyar da ke raba juyi tsakanin ƙafafu. Wannan ba ta buƙatar dogon tunani, cikakkiya ce tata.

In ka yanke shawarar sayen cikakkiya, kada ka biya kuɗi sai ka gwada abu uku. Girman da ya dace da motarka yana rubuce a jikin tayoyinka da kan takardar da ke bakin ƙofar direba, misali 195/65 R15. Shi za ka nema, ba mai kama da shi ba. Sai rim: yawan ramukan noti kaɗai ba ya isa. Camry da Corolla ƙirar 2003 zuwa 2008 ta Amurka duk noti biyar gare su, amma tazarar ramukan ta bambanta, rim ɗin ɗaya ba ya shiga ɗaya. Ka sa a ɗaga motar a ɗaura shi a ƙafar gaba, a juya, ka tabbata bai gogar birki, kuma notocinka sun kama shi. Na ƙarshe, saka tayar a ramin but. Wasu ramukan zurfinsu na siririya ne kawai, cikakkiya za ta tura shimfiɗar sama ta ci maka wurin kaya. Ni dai na fi son rasa wurin buhu ɗaya, amma ka ɗaure ta sosai kada ta riƙa yawo.

Duba shekarunta ma, musamman in Beljiyam ce. Bayan haruffan DOT da ke rubuce a jikin tayar akwai lambobi huɗu a ƙarshe: 2321 na nufin mako na 23 na shekarar 2021. Roba na bushewa ko ba a taɓa taka ta ba, kuma siririyar da ta zo da motar 2008 sau da yawa shekarunta ɗaya da motar. In ka ga tsage-tsage a gefenta, rabu da ita. Ka kuma guji taya mai kibiya a gefe, wadda ke juyawa ɓangare ɗaya kawai, tunda ba ka san ƙafar da za ta fashe ba.

Wanda ya zaɓi zama da siririya, ga yadda zai yi amfani da ita. Corolla da ire-irenta da ƙafafun gaba suke ja, kuma can sitiyari da yawancin ƙarfin birki suke. Don haka in tayar gaba ce ta fashe kuma da sauran tafiya, ciro lafiyayyar ta baya ka mayar gaba, ka ɗaura siririyar a baya. Rage kaya in da hali, taka birki da wuri, sassauta a kwana, kada kuma ka sa siririya biyu a lokaci guda.

Kowacce ka zaɓa, jami'an hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC na tambayar safaya a hanya, kuma wadda ba iska ba ta da amfani. Duk wata, in ka tsaya wurin mai faci, ce masa, “Malam, a auna mini ta but ɗin ma,” ka faɗa masa adadin da take sha da bakinka. A nan take ka gwada jak, ka tabbata sifanar taya ta dace da notocinka.