Soson cikin taya: na daji ne, ba na kwalta ba

'Yan uwa masu babur, soson nan da ake cusawa a taya maimakon tib yana da rana a hanyar gona mai ƙaya, don ba ruwanka da faci. Amma laushinsa kamar iskar psi 13 ne kacal a ma'aunin iskar taya. Ka hau kwalta daga Ringim zuwa Kano da gudu, ga zafin bazara, ga goyo, sai ya yi ta murzuwa yana ɗaukar zafi har ya dagargaje kamar garin biredi. Nan take babur zai fara lilo a kwana.

In za ka sa, sayi daidai lambar tayarka, ka shafe cikinta da man silikon da ya zo da shi, ba baƙin mai ko giris ba, suna cin roba. Mai yawan bin kwalta kuwa, tib mai kauri ya fi masa.