Yadda na gyara bakin fulawar da ya ƙi lanƙwasa

Wallahi ɗinkin giciyen nan ya so ya ba ni ciwon kai, fulawa nake yi a rigar filon ƙanwata sai bakin ganyen ya fito gaɓa-gaɓa kamar matakalar soro, har na warware sau biyu. Daga baya in na zo wurin lanƙwasa sai in ƙi cika gidan, wato ɗan murabba'in yadin da giciye ɗaya ke zama a ciki, in ja ƙafa ɗaya ta giciyen cikakkiya, ɗayar in soke ta a tsakiyar gidan. Allurata mai dakusasshen baki ta ƙi shiga fa, sai da na sayo mai tsini a kasuwar Dole. Sannan na bi gefen da ɗinkin koma-baya, sili 1 na zare mai ɗan duhu, don sili 2 kauri yake yi. Yanzu ganyen ya kwanta sumul.