Yadda Za Ka Auna Malamin Yoga da Koyarwarsa Kafin Ka Miƙa Wuya

Ƙanina tela ne a Babbar Kasuwar Gombe, kuma shekarun da ya yi yana duƙe a kan keken ɗinki sun bar masa ciwon baya da na wuya, irin wanda ke tsananta a goman ƙarshe na azumi lokacin da ɗinkin sallah ya taru. Wani abokinsa ne ya tura masa bidiyon wani Ba'indiye da ke koyar da yoga, wato miƙe gaɓoɓi da jan numfashi a hankali. Ya riƙa gwadawa a kan tabarma bayan sallar asuba, kafin wata ya zagayo ya ji sauƙi. Daga nan aka saka shi a wani zauren WhatsApp, daga zauren kuma aka ce akwai mataki na biyu wanda sai an biya kuɗi, a cikinsa za a ba shi wata kalma ta sirri da zai riƙa maimaitawa, bisa sharaɗin kada ya faɗa wa kowa, ko da matarsa ce. Ranar da na nuna masa ban gamsu ba, cewa ya yi: “Yaya, ni fa bayana ya daina ciwo. Mutumin da ya yi mini wannan, a kan me zan zarge shi?”

Tambayar tana da nauyi, domin a nan ne mutane da yawa suke zamewa. Sauƙin da baya ya samu shaida ce cewa miƙe gaɓoɓi yana da amfani, amma bai ce komai ba game da halin mutumin da ya koyar, balle game da abin da zai zo da shi nan gaba. Saboda haka abu na farko da za ka yi shi ne ka raba kayan da aka ɗaure maka a ƙunshi ɗaya, ka auna kowanne da ma'aunin da ya dace da shi.

Yoga daga Indiya ta fito, kuma kalmar a harshen Sanskirit tana nufin haɗawa ko ɗaurewa. Littafin da aka fi dogara da shi a kanta shi ne na Patanjali, wanda ya haura shekara 1,500, mai ɗauke da gajerun jumloli kimanin 196. Ya kasa hanyar gida 8, kuma yanayin zaman jiki, wanda shi ne mafi yawan abin da ake gani a waya yau, gida ɗaya ne kawai a cikinsu, na uku. Sauran sun shafi kame kai daga ɓarna, sarrafa numfashi, janye hankali daga abin da ido da kunne ke kawowa, da zurfafa tunani har mutum ya kai matsayin da suke kira samadi. Wato asalinta hanya ce ta neman tsira bisa fahimtar addinan Indiya, daga baya ne aka mayar da wani sashe nata wasan motsa jiki, har Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 21 ga Yuni domin ta, aka fara bikin a 2015. Musulmi ma ba yau suka san ta ba. Tun a ƙarni na 11 Albiruni ya fassara littafin Patanjali zuwa Larabci, ya karanta shi da idon mai bincike ba tare da ya bar addininsa ba.

Idan ka fahimci wannan, za ka ga abin da ake miƙo maka kashi uku ne: motsa jiki, da atisayen numfashi da natsuwa, sai kuma aƙida da ibada. Hanyar gane na ukun ita ce ka saurari abin da ake furtawa, ka kuma duba wa ake rusuna wa. Duk kalmar da aka ce ka maimaita, ka nemi fassararta da sunan littafin da ta fito. Sautin “om” da kowa ya saba ji a finafinan Indiya abu ne mai tsarki a addinin Hindu, jerin motsin da ake kira suriya namaskar kuwa ma'anar sunansa gaisuwa ga rana. Idan an ce ka kunna turare a gaban hoton wani, ko ka kawo furanni da 'ya'yan itace, to an bar filin motsa jiki. Akan ce wa mutane waɗannan abubuwa al'ada ce kawai, amma a 1979 wata kotun ɗaukaka ƙara a Amurka ta tabbatar da hukuncin cewa tsarin zurfafa tunani na wani malami Ba'indiye, Maharishi Mahesh Yogi, yadda ake koyar da shi a makarantun gwamnati na jihar Niyu Jasi, koyarwa ce ta addini, duk da masu shi sun dage cewa kimiyya ce.

Wannan kashi na aƙida ba a waya ake warware shi ba, wurin malaminka za ka kai shi, kuma ka je da cikakken bayani. Da muka je wurin wani dattijon malami a unguwarmu, ƙanina ya fara da cewa: “Allah ya gafarta Malam, yoga halal ce ko haram?” Malam bai amsa ba sai da ya sa shi ya tashi ya nuna motsin a zaure, almajirai suna dariya ƙasa-ƙasa, sannan ya tambaye shi abin da ake faɗa a lokacin yin sa. Da aka zo kan kalmar sirrin nan, sai ya girgiza kai ya ce abin da ba za a iya faɗa wa malami ba, ba za a iya yi masa fatawa ba. Kusan haka manyan majalisun malamai suka bi. Majalisar fatawa ta Malesiya ta hana Musulmi yoga a 2008 saboda abubuwan bauta da ke cakuɗe da ita, ta Indunisiya a 2009 ta haramta mai ɗauke da wuridin Hindu ta ƙyale wadda motsa jiki ce zalla, Saudiyya kuwa ta amince da ita a matsayin wasa a 2017. 'Yan'uwanmu Kirista na Billiri da Kaltungo su ma suna da wurin kai tambaya, domin tun 1989 fadar Fafaroma ta fitar da wasiƙa tana gargaɗin kada a ɗauki daɗin da jiki ke ji a irin wannan zama a matsayin alamar kusanci da Ubangiji.

Kashin jiki da numfashi ya fi sauƙin aunawa, tunda jiki magayi ne. Ka ɗibar wa kanka mako 6, ka riƙa yi na minti 15 zuwa 20 a rana, ka rubuta yadda barcinka da ciwonka suke a farko da ƙarshe. In kana da hawan jini, ka riƙa awo a asibiti ko kemis kamar yadda ka saba. Jan numfashi a hankali yana kwantar da bugun zuciya, wannan sananne ne a likitance, kuma tun 1979 Jon Kabat-Zinn ya tsara wani shiri na mako 8 a asibitin wata jami'a a Amurka, wanda ke koya wa masu fama da ciwo da damuwa natsuwa ba tare da wuridi ko guru, wato shehin da ake bi a addinan Indiya, ba. Amma ka kiyayi abu biyu. Kada ka ajiye maganin hawan jini, ko na suga, ko na farfaɗiya, don wani ya ce numfashi ya wadatar. Kada kuma ka gwada tsayuwa da ka, ƙafafu a sama, in kana da hawan jini, ko hawan jinin ido, ko ciwon wuya, haka ma mace mai juna biyu ta fara tambayar likita.

Akwai wani abu da ya kamata ka sani tun kafin ya same ka, domin da shi ake kama mutane. Idan aka sa ka yi ta numfashi da sauri da ƙarfi na 'yan mintoci, za ka ji jiri, minjirya ta kama yatsunka da leɓɓanka, wataƙila ma ka ga haske idanunka a rufe. Dalilin shi ne ka fitar da iskar kabon daga jininka fiye da kima, jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa suka ɗan tsuke. Yaron da ya hura balan-balan da yawa ma yana jin haka. Mai gaskiya zai bayyana maka wannan ya ce ka sassauta, mayaudari kuwa zai ce wani ƙarfi ne ya farka a jikinka ta dalilin albarkarsa. Wanda kuma zaman shiru mai tsawo ya jawo masa firgita, ko rashin barci, ko jin muryoyi, ya dakata nan take ya ga likita, kada ya yarda a ce masa alamar ci gaba ce.

Saura shi malamin, kuma a nan ne ya kamata ka fi daɗewa. Mu da muka taso da karatun zaure muna da ma'auni a hannu, sai dai mukan manta da shi idan baƙo ya zo da baƙon harshe. Ibn Sirin ya ce wannan ilimi addini ne, ku duba daga wa kuke ɗaukar addininku, maganar tana cikin gabatarwar Sahihu Muslim. Saboda haka ka tambaye shi a wurin wa ya yi karatu, shekara nawa, kuma wa zai shaide shi, kamar yadda ake tambayar silsila da ijaza. Ka nemi ya faɗa maka jimillar kuɗin tun daga farko, domin matakan da ba su ƙarewa, kowanne ya fi na baya tsada, cinikin biri a sama ne. Ka yi masa tambaya mai wuya a gaban mutane ka ga fuskarsa: in ya ce bai sani ba, alama ce mai kyau, in kuwa ya ce shakkarka ce ta toshe maka hanya, to ya mayar da laifin kanka ne domin kada ka sake tambaya. Ka lura ko yana keɓewa da mata da sunan tsarkake su, ko yana nuna maka cewa iyayenka da matarka su ne cikas. Mafi amfani duka, ka nemi wanda ya taɓa bin sa ya bari, ka ji ta bakinsa, sannan ka ji yadda malamin yake ambaton waɗanda suka tafi.

Abubuwan mamaki kuwa kada su ruɗe ka. Ana danganta wa Abu Yazid Albisɗami cewa ko ka ga mutum yana tashi sama, kada ka ruɗu da shi sai ka ga yadda yake a wurin umarni da hani. Sai ka ce da Shoko Asahara na Japan ake maganar. Da ajin yoga ya fara a 1984, ya yi suna da wani hoto da ke nuna shi kamar yana shawagi a zaune, ya tara mabiya har da masu digiri a kimiyya, kuma a 1995 mutanensa suka watsa iskar guba a jiragen ƙarƙashin ƙasa na Tokiyo. An rataye shi a 2018. Rajnish, wani guru Ba'indiye wanda daga baya aka sani da Osho, ya tara motocin Rolls-Royce sama da 90 a sansaninsa na jihar Oregon ta Amurka, a 1984 kuma wasu manyan mabiyansa suka zuba ƙwayoyin cuta a abincin gidajen cin abinci domin juya sakamakon wani zaɓe, mutum 751 suka kamu. A Indiya kanta, kotu ta yanke wa wani guru mai suna Asaram Bapu ɗaurin rai da rai a 2018 saboda fyaɗen yarinya 'yar shekara 16, wadda iyayenta, mabiyansa ne, suka kai masa da hannunsu domin a raba ta da iska.

Wannan na ƙarshen ya kamata ya sa mu sunkuyar da kai, domin labarin bai yi mana baƙo ba. Ni a ganina babu adalci mu ɗora wa guru na Indiya tuhuma, mu bar mai ruƙiyyar da ke rufe ƙofa da 'yar mutane, ko ɗan tsibbun da ke karɓar rago da farin ƙyalle. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da kansa ya yi ta sukar miyagun malamai na zamaninsa, kuma dattawan Pantami ba su manta da watan Afrilun 1985 ba, lokacin da rikicin mabiya Maitatsine ya iso Gombe. Haka kuma ba daidai ba ne a wuce gona da iri a riƙa kafirta duk wanda aka gani yana miƙe ƙafa a kan tabarma, alhali irin wannan motsi ne masu gashin ƙashi da gyaran gaɓoɓi ke koyarwa a asibiti. Wanda kuwa natsuwar zuciya yake nema, ya tuna cewa zikiri da tafakkuri da i'itikafi suna nan a gida, da malaman da aka san iyayensu da malamansu.

In ɗan'uwanka ne ya riga ya shiga, kada ka fara da gori ko izgili, domin abin da malamin ya gaya masa ke nan tun farko, cewa 'yan gida ba za su fahimce shi ba, kai kuma sai ka gaskata shi. Ka amince masa da amfanin da ya samu, ka zauna ku kalli darasin tare, sannan ka bar shi ya aika tambayoyin da hannunsa. Haka na yi da ƙanina. Ya rubuta a zauren yana neman ma'anar kalmar sirrin da jimillar kuɗin dukkan matakai. Aka amsa masa da cewa zuciyarsa ba ta nuna ba tukuna, da ya sake tambaya washegari sai ya tarar an cire shi. Kuɗin rajistar da ya fara turawa bai dawo ba. Tabarmar tana nan naɗe a bayan keken ɗinkinsa, yakan shimfiɗa ta kafin azahar ya miƙe bayansa na 'yan mintoci, yaran shagon biyu ma sun fara bin sa.