Labulen gilashin baya da allon but

Salamu alaikum 'yan uwa. Zafin Garuwa da Marwa a watan Afrilu yakan haura digiri 40, kuma wanda ke kujerar baya shi ke shan wuya, musamman yara.

In za ku sa labule, ku guji mai robar mannewa a gilashi. Ƙura da rana suna busar da robar, kwana kaɗan ta saki. Gara mai naɗewa, wanda ake ɗaure shi da noti a kan allon da ke rufe but. Ku ciro allon daga mota tukuna, ku auna, sannan ku huda. Yawancinsa kwali ne matsattse, don haka a sa wasa, wato faifan ƙarfen nan mai rami da ake sa wa noti, ta ƙasa, in ba haka ba gargadar hanyar Kusiri za ta yage ramin. Ƙugiyoyin sama da ake rataya labulen kuwa a jikin robar ƙofar but ake kafa su. Kada a kankare siraran layukan nan na jikin gilashi, wayoyin wuta ne.

A zaɓi mai raga don madubi ya ga baya, kuma kada ya tare fitilar birki ta tsakiya. Igiyoyi biyu da ke ɗaga allon in an buɗe but a maƙala su daidai, in ɗaya ta fi tsawo allon karkacewa yake yi. Jarkar ruwa kuma a ajiye ta ƙasan but, ba a kan allon ba.