Yadda Ake Amfani da "Weed Out" a Turanci

Weed dai ciyawa ce. Duk wanda ya taɓa noman farko ko maimai a gonar masara ya san aikin: shuka da ciyawa sun tsiro tare, sai a bi kunya-kunya ana tuge wadda ba a so. Daga nan Bature ya samo weed out, wato a tsame marasa amfani daga cikin tari, a bar nagari. Tankaɗe da rairaya ke nan.

Sharaɗin farko shi ne a samu tari. Ba a cewa weed out ga abu guda. Wanda zai yar da tsohuwar katifarsa get rid of zai ce. Amma dubban matasan da ke neman shiga makarantar horas da hafsoshin soja ta NDA a Kaduna, ana rage su da jarrabawa da gwajin lafiya, nan kalmar ta zauna daram: The test will weed out weak candidates.

Inda ɗalibai suka fi tuntuɓe shi ne wurin ajiye karɓau, wato kalmar da aikin ya faɗa wa. Idan suna ne, zaɓi biyu gare ka: weed out ghost workers, ko weed ghost workers out, duk daidai ne, kuma ma'aikatan bogi ake nufi. Idan wakilin suna ne kuwa, dole ya shiga tsakiya. Weed them out ake cewa. Weed out them kuskure ne, kuma mai duba takardar WAEC ba zai ɗaga maka ƙafa ba.

A lura da abin da ke biyo bayanta. Weed the farm na nufin a nome gonar. Gonar tana nan. Da zarar an ƙara out, abin da aka ambata shi ne wanda za a fitar. Saboda haka weed out the farm ya zama a fitar da gonar kanta, abin dariya.

Shuɗaɗɗen lokaci weeded out ne. Weeded gaɓa biyu ce, wi-did, a ja wasalin farko. In an gajarta shi har ya koma wed, an shiga maganar aure.

Root out, wato tumɓukewa daga saiwa, ta fi weed out zafi, ita ake yi wa cin hanci da ya yi saiwa. Weed out ɗin ma ba ta da laushi idan mutane ake nufi, tunda ka kwatanta su da ciyawa. A wasiƙar da za ka aika wa wanda bai samu aiki ba, rubuta not selected.