Idan mai sharar PostgreSQL ya ƙi ajiye tsintsiya

Ranar Litinin da hantsi wani Alhaji mai sarin kaya kusa da babbar kasuwar Maradi ya kira ni: kwamfutar lissafinsa ta yi nauyi, fanka sai huci take, masu saye sun yi layi suna jiran rasit. Yaronsa ya ga autovacuum, wato mai sharar PostgreSQL, manhajar rumbun bayanan shagon, na aiki tun daren jiya, sai ya kashe shi. Ya dawo. Ya sake kashewa, ya sake dawowa.

Kuskuren da kowa ke fara yi ke nan. PostgreSQL ba ya goge tsohon layin bayani a tebur nan take in an gyara ko an share shi, sai mai shara ya biyo ya kwashe. Kana kashe shi, tarkace na ƙaruwa. In kuma ka ga "to prevent wraparound" a pg_stat_activity, jerin ayyukan da ke gudana a rumbun, bar shi ya gama. Wannan sharar tana tashi da zarar tebur ya tsufa da ma'amala (transaction, kowace da lambarta) miliyan 200, ko da ka rufe autovacuum ɗungurungum, don in lambobin ma'amala suka kusa biliyan 2, rumbun zai daina karɓar rubutu. Shi kuwa kill -9, umarnin kashe aiki da ƙarfin tsiya, kowa da kowa yake yankewa daga rumbun.

A shagon Alhaji, laifin ba na mai shara ba ne. Wani akawu ya buɗe ma'amala ranar Juma'a, ya tafi masallaci bai rufe ba. Kwana uku tana zaune "idle in transaction", mai shara na ta zagayawa ba shi da ikon taɓa duk abin da ya mutu bayanta. Na yanke ta da pg_terminate_backend, na sa idle_in_transaction_session_timeout don ya riƙa yanke irinta da kansa. Ramin kwafi (replication slot, wanda ake aika bayanai zuwa wani rumbu da shi) da aka manta a pg_replication_slots ma haka yake riƙe shara.

Wasu sai su ƙara ma'aikatan autovacuum daga 3 zuwa 10. Aikin banza ne, kason aiki ɗaya, mai maki 200, suke rabawa tsakaninsu. Ɗaga wannan kason, wato autovacuum_vacuum_cost_limit, tukuna. Babban tebur kuma a rage masa scale_factor, kason matattun layuka da ake jira kafin shara: da 0.2, mai layi miliyan 50 sai ya tara matattu miliyan 10 kafin a waiwaye shi.

Yaron ya ce, "Malam, ko in yi VACUUM FULL?" Na ce ba da rana ba, wannan sharar mai sake rubuta tebur ce, yana kulle tebur gaba ɗaya har ya gama. Sai bayan isha'i, in an tashi daga shago.