Kurakuran da masu haɗa kiɗa ke yi wajen sayen RAM

Da zarar sauti ya fara tsitsinkewa a manhajar haɗa kiɗa irin FL Studio ko Cubase, sai mutum ya ɗora wa RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfuta, laifi. Sau da yawa kuwa furosesa ce ta kasa gama lissafi kafin lokacin fitar da sautin, musamman in an matse bafa, wato saitin girman guntun sautin da furosesa ke lissafawa a kowane zubi. Ɗaga bafar daga 128 zuwa 512, ka saurara. Sannan ka buɗe Task Manager, manhajar Windows mai nuna yawan RAM da ake ci, a lokacin da aikinka mafi nauyi ke gudana. In ka tarar rabin RAM ɗin zaman banza yake yi, ƙara wani asarar kuɗi ne kawai.

Abin da ke cinye RAM shi ne sautukan da aka naɗo daga kayan kiɗa na gaske, irin su fiyano da ganguna da ake lodawa ta manhajar Kontakt. Manhaja irin Serum da lissafi take ƙirƙirar sautinta, don haka furosesa take wahalarwa. A ganina, mai ɗaukar murya da haɗa kiɗa madaidaici 16GB ya ishe shi. Mai jibge Kontakt ya nemi 32GB, 64GB kuma sai masu kiɗan fim. Amma fa manhaja mai bit 32 ba ta wuce 4GB, ko nawa ka zuba.

Wani kuskuren shi ne sayen 16GB guda ɗaya alhali biyu masu 8GB sun fi, domin kwamfuta tana karanta su ta hanyoyi biyu lokaci guda. A babban allon cikin kwamfuta (motherboard) mai ramukan RAM huɗu galibi na biyu da na huɗu ake sa su. Littafin allon zai tabbatar maka. Haɗa RAM mai sauri da marar sauri kuma yana mayar da duka kan gudun marar saurin.

RAM nau'in DDR5 ba ya shiga ramin nau'in DDR4, na laftof ma gajere ne, ba ya zama a babbar kwamfuta.

Wanda ya fi damuna shi ne na masu cewa bari su sayi ƙarami, gaba sa ƙara. Kwamfutocin Apple masu furosesar M1, da suka fito a 2020, da na bayansu, RAM ɗinsu a manne yake, haka ma laftof sirara da yawa. Kafin ka biya, ka binciko ko wadda kake so tana da ramin ƙari. In babu, tun ranar saye ka ɗauki girman da aikinka zai buƙata shekaru masu zuwa.